FILIN MANOMA: Yadda Ake Zaɓen Sabon Batir Na Motar Daji

Jama'a, yau maganarmu a kan batir ce. Manomin da ke zaune a Ƙofar Taramniya, amma gonarsa tana fadamar Wurno ko Goronyo, ya san amfanin mota mai ja da ƙafa huɗu, irin su Land Rover da Hilux da Land Cruiser. To, amma duk ƙarfinta, in batir ya mutu ba ta motsi. A kan kwalta a tura ta, a cikin yashi da lodin albasa fa? Wadda ke sa giya da kanta kuwa ba ta tashi da turi ko kaɗan.

Abin da ke kashe batir a ƙasar Sakkwato zafi ne. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, ruwan batir ya ƙone, darmar da ke ciki ta lalace. Sai hunturu ya zo, a murza makulli da asuba, a ji shiru.

Kafin ka fid da kuɗi, kai motar wurin mai wayarin ya auna. Batir mai lafiya, in ya cika, yana nuna bolt 12.6. In inji yana aiki, ya kamata a ga wajen bolt 14. In bai kai haka ba, laifin na'urar cajin motar ne, ko ka sa sabo zai mutu.

In ta tabbata batir ne, ga abubuwan dubawa.

Na farko, bolt. Yawancin motocin nan 12 ne. Amma akwai waɗansu Land Cruiser masu shan gas da ke ɗaukar batir biyu. Irin waɗannan a sake su gaba ɗaya, iri guda, domin tsohon yana cinye sabon.

Na biyu, lambobin da ke jikinsa. Wadda aka rubuta Ah, kamar 75 ko 100, ita ce yawan wutar da yake ajiyewa. Wadda aka rubuta CCA ita ce ƙarfin da yake juya inji da shi. Injin gas ya fi na fetur nauyin juyawa, saboda haka ya fi bukatar babbar lamba. Dubi littafin motar, kada ka sayi wanda ya kasa abin da aka faɗa.

Na uku, girma da kawuna. Auna mazauninsa, ka kuma lura da gefen da kan mai alamar + yake. In ya juya, waya ba za ta kai ba, in kuwa aka haɗa bai-bai, kayan wutar motar sun ƙone.

Na huɗu, sabunta. Batir yana tsufa ko a kanti yake. Nemi wanda bai wuce wata 6 da yi ba, ka ɗaga shi ka ji nauyi, gama mara nauyi darmarsa kaɗan ce. Karɓi rasit da takardar garanti. Kada kuma a ruɗe ka da batirin sola, aikinsa ba da wuta a hankali ne, ba tada inji ba.

Bayan ka saya, ɗaure shi tamau, domin gargadar hanya tana farfasa cikinsa. In mai murfi ne, duba ruwansa kowane wata, ka ƙara tataccen ruwan batir kaɗai, ban da na rijiya. Tsohon kuwa ka bar wa mai kanti ya rage maka kuɗi. Kada a fasa shi a gida, darma guba ce, tun ba ga yara ba.

Araha ba ta ado. Batirin da ya dace da motarka shi ne mai sauƙi, ko da ya fi tsada. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.