Zani, Zobe ko Maɓalli: Goyon Jariri a Zafin Kuala Lumpur

Tambayar da matanmu masu jego suka fi yi mini a Kuala Lumpur ita ce: wane abin goyo zan saya? Aikina fisiyo ne, ɓangaren mata bayan haihuwa da ƙananan yara, kuma yawancin 'yan gida da ke zuwa wurina ɗalibai ne ko matan ɗalibai, daga Gombak, Serdang, Bangi da Cyberjaya. Ciwon baya ko na kafaɗa ne ke kawo su, sai hira ta gangaro kan goyo. Mace ce da ta goyi ƙannenta tun tana 'yar firamare, amma ta haihu a ƙasar da ba uwa, ba kaka, ba gwaggo. Ta shiga Mid Valley ko Suria KLCC ta ga kowa da jariri a ƙirji cikin abin goyo mai maɓalli, sai ta fara jin nauyin fita da zaninta.

Wannan jin nauyin yana damuna, domin ba shi da tushe. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka, Ann Moore, ta yi aikin sa-kai a Togo a farkon shekarun 1960. A can ta ga yadda mata ke goya 'ya'yansu suna harkokinsu, yaran kuma lafiya lau ba rigima. Da ta koma gida ta haihu, ita da mahaifiyarta suka ɗinka abin goyon da aka sa wa suna Snugli, aka yi masa rajista a 1969. BabyBjörn na ƙasar Suwidin bai fito da nasa ba sai 1973. Ergobaby kuwa, da ake yayi yanzu, a farkon shekarun 2000 aka kafa shi a Hawai. Mu muka riga su. Abin da suka ƙara shi ne maɗauri da maɓalli, sai kuma bincike, kuma binciken ya ba iyayenmu gaskiya: a 1986 masu bincike Hunziker da Barr sun nuna a Montreal cewa jariran da aka ƙara wa lokacin ɗauka a jiki, kukansu ya ragu da kashi 43 cikin 100 a sati na shida.

Sai dai kafin a zo kan wanne ya fi, akwai abin da ya sha gaban kowane zaɓi, shi ne numfashi. Jaririn da bai kai wata huɗu ba, kansa ya fi ƙarfin wuyansa. In ya lanƙwashe a cikin abin goyo har haɓarsa ta dafe da ƙirjinsa, hanyar iska na matsewa, kuma ba lallai ya yi kuka ba. Shirun nan ne abin tsoro, domin uwa za ta ɗauka barci ne ya yi daɗi. A watan Maris na 2010 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta yi gargaɗi cewa tana binciken mutuwar jarirai aƙalla 14 cikin shekara 20 a abin goyo na rataye, 12 daga cikinsu ba su kai wata huɗu ba. A watan ne aka janye kimanin miliyan ɗaya na kamfanin Infantino daga kasuwa. Irin wannan mai siffar jaka ne, da ake ratayawa a kafaɗa, jariri ya kwanta can ciki a dunƙule. Har yau ina ganin irinsa ana tallatawa a intanet da ɗan kuɗi kaɗan. Ko kyauta aka ba ki, kada ki sa ɗanki a ciki.

Ƙa'idar da nake koya wa kowace uwa ba ta da wuya. Jariri ya kasance a tsaye, manne da jikinki, ba ya lilo. Fuskarsa a buɗe, kina ganinta ba sai kin ɗaga mayafi ba. In a gaba yake, ya hau sama yadda in kin sunkuyar da kai za ki iya sumbatar goshinsa. Yatsanki ya iya shiga tsakanin haɓarsa da ƙirjinsa. Bakwaini, da wanda aka haifa da ƙarancin nauyi, da mai mura, sai an ninka kula, kuma a fara tambayar likitansa.

Na biyu shi ne ƙugu. Gaɓar ƙugun jariri ba ta gama ƙwari ba a watannin farko. Zaman da ya dace da ita shi ne zaman kwaɗo: cinyoyi a buɗe sun rungumi jikin uwa, gwiwoyi sun ɗan fi mazaunai tsawo, abin goyon ya tallafe shi daga bayan wannan gwiwa zuwa bayan waccan. A Japan, lokacin da ake naɗe jarirai ƙafafu a miƙe a haɗe, gocewar ƙugu ta yi yawa. Da aka yi gangamin hana hakan a faɗin ƙasar daga 1975, matsalar ta ragu ƙwarai. A wuraren da ake goyo a baya da ƙafafu a ware, irin namu, ba a cika ganinta ba. Zaninmu yana ba da wannan zama da kansa, ba tare da an karanta takardar kamfani ba.

To ina zani yake gazawa? Ina son zani da majanyi, kuma a cikin gida ban ga abin da ya kai su ba. Ba nauyi a kafaɗa, hannuwa biyu a sake, atamfar auduga tana shan iska, a wanke da safe ta bushe kafin azahar. Mai girki ma bayanta ya fi aminci, domin goyon gaba da tukunya a kan wuta ba sa haɗuwa. Amma ɗaurin yana danne ƙirji, kuma mai shayarwa da ta ɗaure tamau na awanni tana iya samun toshewar nono da ƙulluwa mai zafi. Yana kuma zamewa da tafiya, sai uwa ta riƙa duƙawa tana gyarawa, ko ta karkata gaba ba ta sani ba. Daga nan ciwon ƙugu ke farawa.

Babban abin da ya bambanta nan da gida kuwa ba zanin ba ne, mutane ne. A Kano ko Katsina, mai goyo ba ta taku goma wata ba ta ce mata "gyara masa wuya" ba. Maƙwabciya, mai talla, tsohuwar da ba ta taɓa ganinki ba, duk idonsu na kan bayanki. A hawa na ashirin na wani dogon bene a Setapak, miji ya tafi jami'a tun safe, babu mai faɗa miki. Shi ya sa nake cewa jaririn da wuyansa bai tsaya ba a bar shi a gaba tukuna. In an fara goyon baya, zani ya hau har ƙeyarsa, fuskarsa ta juya gefe, a riƙa duba madubi ko kyamarar waya. Wata baiwar Allah ta ce mini, "Anti, ai a gida tun bayan suna ake goyawa." Na ce mata gaskiya ne, amma a gida ba ke kaɗai ke goyon ba.

Ga kuma hijabi, kuma a kansa zan ɗan tsaya. Na sha ganin 'yar'uwa a tashar jirgi, goyo a baya, dogon hijabi mai kauri ya rufe yaron ruf, sai tudun kansa kawai ake hangowa. Da rana a garin nan zafi na kai digiri 32 zuwa 33, ga laima a iska da ke hana zufa bushewa. Wata rana aka yaye hijabin a gabana, na ga gashin yaron ya jiƙe sharkaf, wuyansa duk ƙurajen zafi, ya yi lis. Ba a ce ki bar suturarki ba. Ki goya shi a saman hijabin, ko ki sa gajere da abaya mai faɗi, ko ki naɗe bayan hijabin ki bar kansa a waje.

Mutanen nan ma suna da nasu zanin. Matan Malay da 'yan Indonesiya suna amfani da selendang, dogon ƙyallen batik da ake ɗorawa a kafaɗa ɗaya, a murɗa bakinsa a soke, yaro ya zauna a kwiɓi ko a gaba. Goyon zobe, wanda Rayner Garner ya ƙirƙiro a Hawai a 1981, kama da shi yake: ƙyalle mai tsawon kusan mita biyu da zobba biyu na ƙarfe da ke riƙe shi. Ga sabon jariri a wannan yanayi, shi na fi so. Falle ɗaya ne, ba zafi, yana shiga jakar hannu, kuma ana iya sassauta shi a ba da nono, muddin za a mayar da yaro tsaye a sake ɗaurewa da ya gama. Aibinsa kafaɗa ɗaya ce ke ɗaukar komai. Ki riƙa sauya kafaɗa, ki baza ƙyallen a kan ƙwallon kafaɗar, kada ya taru a gindin wuya. Zobban su zama na goyo, waɗanda aka zuba ba mahaɗi. Na labule ko na jaka suna iya buɗewa.

Dogon ƙyallen nan mai talewa da ake naɗawa sau uku a jiki yana da daɗi ga ɗan kwanaki, amma an yi shi ne don ƙasashen sanyi. A nan, in ba cikin ɗaki mai na'urar sanyaya ba, uwa da ɗa duk za su dahu, kuma da yaro ya kai kilo shida ko bakwai sai ya fara saki. Saƙaƙƙen da ba ya talewa, irin na Didymos da aka fara a Jamus a 1972, ya fi ƙarfi, sai dai ya haura mita huɗu, kuma wutsiyarsa na jan ƙasa a wajen ajiye motoci bayan ruwan la'asar. Meh dai na Sinawa, ƙyalle mai kusurwa huɗu da igiyoyi huɗu, yana tsakiya: yana raba nauyi a kafaɗu biyu da ƙugu, kuma telan da ya san aikinsa zai iya ɗinka shi da yadi mai ƙarfi daga Jalan Tuanku Abdul Rahman.

Mai maɓalli kuwa na hanya ne. In za ki hau LRT ko MRT, ki sauya jirgi a KL Sentral, ki bi matakala mai tafiya da kanta inda keken jarirai ke zama wahala, ko za ki kutsa kasuwar Chow Kit sayen kifi, nan yake nuna amfaninsa. Ba ya zamewa in jirgi ya ja birki, ɗamararsa mai faɗi tana sauke nauyi a ƙugu, kuma shi ne wanda iyaye maza ke yarda su saka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga macen da ba ta da mai taya ta. Na ga magidanta daga Zariya da Sakkwato da ba su taɓa tunanin ɗaukar jariri a bainar jama'a ba, yanzu suna ɗaura shi ranar Asabar matar ta samu ta huta. Yawancin masu kyau suna ɗauka daga kilo 3.2 zuwa 20. Ki nemi mai raga-raga saboda zafi, mai faɗin mazauni, wanda ake rage shi a ƙara. Na asali yana cin ɗaruruwan ringit, shi ya sa jabu suka yi yawa. Araha ba ta ado: gara na hannu na asali daga wata uwa da jabu sabo fil, wanda maɓallinsa zai iya karyewa a kan matakala. Mai siririn mazauni da ke barin ƙafafu suna reto ba na ba da shawararsa ga ɗan ƙasa da wata shida. Juya yaro ya kalli gaba kuma sai wuyansa ya tsaya sosai, wajen wata biyar zuwa shida, na ɗan lokaci kaɗan, kuma da ya fara gyangyaɗi a juyo da shi.

Akwai ɗamarar nan mai tudun zama da ake ɗaurawa a ƙugu, wadda ta cika shagunan nan. Na yaron da ya iya zama ne, mai "ɗauke ni, sauke ni". Idan ba ta da bangon baya, hannunki ɗaya dole ya zauna a jikinsa. Tana kuma danna mara, don haka wadda aka yi wa aiki ta jira. Malay suna zaman jego na kwana 44 da suke kira pantang, kusa da arba'in ɗinmu, kuma ina ganin hikima a wannan jinkiri. Duk wadda ke jin nauyi a ƙasanta, ko fitsari na kufce mata in ta yi goyo, jikinta ne ke cewa bai shirya ba. Ta rage lokacin goyon, ta zo a duba ta.

Ko wanne kika zaɓa, ki lissafa shi a matsayin riga guda. Singileti da famfas sun isa a waje, sai ki riƙe ɗan mayafi don sanyin manyan shaguna da na jirgi. Ki taɓa ƙeyarsa ki ji zafin jikinsa, ba tafin hannu ba. Ɗan ƙasa da wata shida nono za a ƙara masa, ba ruwa ba. A mota kuwa, taki ce ko Grab, abin goyo ba ya maye gurbin kujerar yara, wadda dokar Malesiya ta wajabta a motocin gida tun 1 ga Janairu 2020. In aka yi karo, jikinki ne zai danne shi.

In an tambaye ni kai tsaye, amsata ita ce goyon zobe a watannin farko, zani da majanyi a gida bayan wuya ya tsaya, mai maɓalli guda ɗaya mai kyau don fita, wanda ke da maigida za ku yi tarayya a kansa. Kada ki saya sai kin gwada da yaron a ciki: ki zaga shagon na minti goma, ki ɗan sunkuya hannunki na tallafe da shi, ki ji ko yana rabuwa da jikinki. A gida kuma, lokacin canza famfas, ki lura da cinyoyinsa. In ɗaya ba ta buɗewa kamar 'yar'uwarta, ko ƙafa ɗaya ta fi guntu, ki faɗa wa likita a zuwanku rigakafi na gaba, ya duba ƙugun, in da hali a yi hoto. Gocewar ƙugun da aka gano kafin wata shida galibi da ɗamara mai laushi ake gyara ta, ba tare da tiyata ba.