Alamar Rauni a Jikin Madatsar Ƙasa

Tashar lantarki ta Kainji, wadda aka gama a 1968, da ƙarfin ruwa take aiki. Ba ta ƙona kwal, saboda haka ba ta da tafkin zuba toka. A Kingston ta Amurka kuwa, cikin Disamba 2008, bangon ƙasa mai tare irin wannan tafki ya fashe, taɓon toka ya rushe gidaje. Madatsar Bagauda ta Kano ma ta ɓalle a 1988.

To, Hakiman Yawuri da Ngaski da Shanga su riƙa duba kowace madatsar ƙasa da ke gundumominsu. In ruwan da ke yoyo garai-garai ne, da sauƙi. In ya fito da laka, watau cikin bangon ne ke zaizayewa. Malamin Hakimi ya rubuta wurin, a aika wa injiniya ran nan, kada takardar ta kwana.