Darasi na Tara: Amfani da Sauti Wajen Gano Dattin da Aka Binne

9.1 Gabatarwa

A darasin ilimin furuci mun ga cewa sauti girgiza ce da ke tafiya cikin iska har ta isa kunne. Wannan darasi zai nuna yadda ake amfani da ita wajen gano datti mai guba da ƙasa ta rufe.

9.2 Tushen Matsalar

A unguwannin tsohon birnin Katsina, irin su Ƙofar Marusa, an san kududdufai, wato ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Irin waɗannan ramuka akan cike su da shara, har da matattun batura da baƙin mai, daga baya a yi gini a kai. Da damina ruwa kan tsatso gubar zuwa rijiyoyi. A unguwar Love Canal ta Amurka an gina makaranta inda aka binne kimanin tan 21,000 na sinadarai, har aka kwashe mazauna a 1978.

9.3 Yadda Ake Awon

Mai sayen tulu yakan ƙwanƙwasa shi, amon ya gaya masa ko akwai tsaga. Haka masana ke yi wa ƙasa. Sukan jera na'urorin sauraro a layi, sannan su doki farantin ƙarfe da guduma. Girgizar ta nutsa ƙasa, ta dawo kamar amsa-kuwwa. Sauti na cin kimanin mita 340 a daƙiƙa cikin iska, 1,500 cikin ruwa, kimanin 5,000 cikin dutse mai tauri. A cikin shara mai sako-sako kuwa tafiyarsa kan yi nawa. Daga wannan jinkiri kwamfuta ke zana faɗin ramin da zurfinsa. Sai dai awon ba ya faɗin irin gubar. Dole a haƙo samfur a gwada.

9.4 Kammalawa

Malami ya fara da abin da ɗalibai suka sani, wato tulu da amsa-kuwwa, kafin ya kai su ga na'ura.

9.5 Auna Fahimta

1. Me ya sa sauti ke jinkiri cikin shara?
2. Ƙirƙiro wa na'urar sauraron ƙasa suna na Hausa, ka kare zaɓinka.
3. Tambayi dattawan unguwarku inda kududdufai suke a da, da abin da aka gina a kansu.