Gwangwanin madarar da kuka raba a Kutupalong

Da damina ta 2023 aka kawo mana yaron a sansanin 'yan gudun hijira na Kutupalong da ke Cox's Bazar, bayan da Hukumar Abinci ta Duniya ta rage kuɗin abincin 'yan Rohingya daga dala 12 zuwa dala 8 a wata ga kowane mutum. Wata bakwai gare shi. Maɗigarsa ta faɗa, idanu sun zurma, na ja fatar ciki ta ƙi komawa. Da na zagaya masa ma'auni a dantse, ja ya nuna.

Ta bakin tafinta na tambayi uwar ko tana ba shi nono. Ta ce nonon ya ɗauke. Tun yaushe? Tun da wasu baƙi suka shigo sansanin da kyamara suka raba gwangwanayen madara da bulunboti. Ta ga rubutun Turanci a jiki, ta ɗauka ya fi abin da ke ƙirjinta, ga shi ita kanta ba ta ƙoshi. Ruwan damawa daga tuƙa-tuƙar da ke gangaren masai take ɗebowa, ba ta tafasawa don kada iskar gas ɗinsu ta ƙare. Da gwangwanin ya kusa ƙasa sai ta riƙa zuba rabin cokali a cike kwalba da ruwa. Baƙin kuwa tuni sun koma gida da hotunansu.

Da gudawa ta ɓarke, mijin ya kai yaron wurin wani mai kemis a kasuwar sansanin. Wannan mutumin ya fi ba ni haushi. Ya ba jariri maganin tsayar da zawo na manya, ya tsira masa allura, ya karɓi kuɗin da aka sayar da shinkafar gidan aka samu. Ruwan gishiri da sukari, da muke bayarwa kyauta, ko ambatonsa bai yi ba.

Mun sa masa robar hanci, mun fara ba shi madarar jinyar tamowa ta F-75 kaɗan-kaɗan, mun ɗumama shi a jikin uwarsa. Bai kai asuba ba. Allah ya jiƙansa. Matar nan ta tsira daga jihar Rakhine a 2017 cikin mutum fiye da dubu 700 da suka ƙetaro kogin Naf da kan iyaka, sai ga kyauta ta raba ta da ɗanta.

Kada ku aika madarar gwangwani sansanin gudun hijira. Kada ku aika bulunboti. Uwa mai yunwa ita ake ciyarwa, nononta zai ci gaba da zuwa. Jaririn da ya rasa uwa akwai yadda muke yi da shi, a ƙarƙashin kulawa, da kofi da ruwa mai tsafta.

Magungunan da suka kusa lalacewa ma ku bar su. Masu cillo alewa daga mota yara na turereniya a kan titi, ku ji tsoron Allah.

Na sake faɗa, ban da madara, ko da niyyarku ta kai ina. Sansanonin Cox's Bazar na ɗauke da mutum wajen miliyan ɗaya, fiye da rabi yara ne, a ɗakunan gora da tamfol da ruwan sama ke zaftarewa. Mai son taimako ya ba da kuɗi ga masu ɗakin jinyar tamowa a can, ya kuma nemi a nuna masa yara nawa aka kwantar, nawa aka sallama.