Wasiƙa Zuwa Ga Samari Da 'Yan Matan Madachi

 Ina gaishe ku, ina gaida iyayenku da 'yan uwanku na Rurum da Saji da Zurgu, har zuwa Kibiya da Tarai.

Ƙungiyoyin ci gaban gari sun yawaita a ƙasar Rano, kuma abin a yaba ne. Sai dai ku dubi yadda da yawansu ke farawa. A zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, a ɗinko riguna, a buga takarda mai hatimi, sannan a ɗunguma gidan ɗan majalisa. Zaɓe na wucewa sai ƙungiya ta kwanta. Famfon tuƙa-tuƙan unguwa kuwa yana nan a lalace, ƙannenku mata na sammakon neman ruwa, alhali sau da yawa kuɗin gyaransa bai kai na rigunan ba.

Shi ya sa nake so ku san labarin matan Maraɗi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan ƙauyukan Maraɗi a Nijar, aka raɗa masa suna Mata Masu Dubara. Ba jari aka kai musu ba. Adashin da suka gada aka yi wa gyara. Duk mako su taru, kowace ta zuba abin da aka amince a kai, a kulle a akwatin ƙarfe. Akwatin yana ɗakin wata, mabuɗi yana hannun wata daban, kuma ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai buƙata ta ranta ta ja sana'a ta biya, in lokaci ya cika a raba. Da yake yawancinsu ba su yi boko ba, da ka suke riƙe lissafi, a maimaita shi da baki a kowane zama, don haka ba wadda za ta ce ba ta san nawa ke ciki ba. Daga can tsarin ya bazu ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya.

Abin da ya raya su shi ne wannan ƙa'ida ta akwati. Mu a nan ba mu rasa zuciyar taimako ba, aikin gayya tun kakanni muke yin sa. Abin da ke kashe mana ƙungiya zargi ne: kuɗi a aljihun mutum ɗaya, ba a karanta lissafi, sai ƙananan maganganu su tashi, abokai su daina gaisawa. Maganar kuɗin ruwa da wasu ke ɗorawa a kan rance kuma, ku kai ta gaban malamanku tun kafin ku fara, domin ana iya tafiyar da asusu ba tare da shi ba.

Kada ku ɗauka ina wanke gwamnati. Dam ɗin Tiga gwamnatin Audu Bako ce ta gina shi, ba da karo-karo ba, haka titi da asibiti haƙƙinku ne ku nema. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙungiyar da ta gyara famfo da kuɗinta, ta riƙe rasit, in ta shiga sakatariyar ƙaramar hukuma ana sauraron ta da wani kunne.

To ku zaɓi aiki guda, wanda za ku iya gamawa kafin damina. Ku tambayi iyayenku mata abin da ya fi damun su kafin ku yanke, don su ne ke ɗebo ruwan, su ne ke kai yara asibiti. Ku sanar da mai unguwa da liman, ku raba akwati da mabuɗi, kuma a karanta lissafi a bainar jama'a a kowane zama. Ina roƙon ku ku yi zaman farko ranar Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci.

Wassalam.
Babanku, daga ƙasar Rano.