HAƘƘIN YARO MAI FITSARIN KWANCE DA YARO NAƘASASSHE

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari, ku ne iyayen gobe, wasunku ma sun riga sun ajiye iyali. Darasinmu a kan yara biyu ne da ake zalunta a gidajenmu, nan Dirin Daji da sauran ƙasar Zuru, alhali ba su yi laifin kome ba.

Na farko mai fitsarin kwance. Gari na wayewa sai duka, a ɗora masa tabarma a ka, yara su bi shi suna kiransa amalala, wani har kwaɗo ake ɗaura masa. To, ina dalilin wannan? Shari'a ba ta kama mai barci, balle yaro. Ummu Ƙaisi ta kawo jaririnta, ya yi wa Annabi (S.A.W.) fitsari a tufa, sai ya sa aka kawo ruwa ya yayyafa, shi ke nan.

Likitoci sun ce cikin yara 100 'yan shekara 5, kamar 15 suna yi, kuma galibi suna bari da kansu. Sababinsa nauyin barci ne, ko gado, ko taurin bayan gida. Ba aljanu ba ne, kada boka ya ci kuɗinku. Abin yi:

1. A rage masa shan ruwa bayan magariba, ya sha sosai da rana.
2. Ya kama ruwa kafin ya kwanta.
3. Ran da ya tashi a bushe a yaba masa.
4. In akwai zafi, ko jinin tsargiya, ko yawan ƙishirwa da rama, ko ya daina ya sake komawa, maza asibiti.

Na biyu makaho da kurma da gurgu, waɗanda muke miƙa wa ƙoƙon bara, 'yan'uwansu kuwa suna aji. Subhanallah! Ba saboda makaho Abdullahi ɗan Ummu Maktum aka saukar da farkon Suratu Abasa ba? Neman ilmi ya zo yi. Ya zama ladanin Annabi, har akan bar masa riƙon Madina. Shaihu Bin Baz ya makance tun yana saurayi, ya zama babban muftin Saudiyya a 1993.

Hukuma ma ta yi nata. Dokar 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, wadda aka sa wa hannu a 2019 kuma ta hana a nuna wa naƙasasshe bambanci. Akwai makarantar Tudun Maliki a Kano da ta A. A. Raji a Sakkwato, inda makafi ke karatu da yatsu, kurame da alamun hannu. Gurgu kuwa, me ya hana shi firamaren unguwa ban da rashin mai kai shi?

Saboda haka kowannenku ya duba unguwarsu, ya sami uban irin wannan yaro da ladabi, ya raka shi wurin hedimasta. Mai keke ya ɗauki yaron da safe.

Allah Ya sa mu dace, amin. Wassalamu alaikum.