Amsoshin Tambayoyinku: Idan Jakar Zuciya Ta Ƙanƙance

Wani mai sauraro daga ƙasar Birnin Gwari yana tambaya: cikin yayansa ya kumbura, ƙafafu ma haka, an daɗe ana maganin hanta, sai likita ya ce jakar zuciya ce ta ƙanƙance. Mene ne wannan?

To Malam, Allah ya ba shi lafiya. Zuciya tana cikin wata jaka mai tantani biyu, da ɗan ruwan da bai wuce mililita 50 ba a tsakani. Idan ciwo ya daɗe a jakar, sai ta yi kauri ta sandare, kamar fatar da ta bushe a rana, zuciya ta kasa buɗewa ta cika da jini. Sai jinin ya taru a baya: jijiyoyin wuya su yi ruɗu-ruɗu ko mutum yana zaune, ka danna ƙafa da yatsa gurbin ya tsaya, ɗan taku kaɗan sai haki. Ciki ma ya kumbura, shi ya sa ake ɗora wa hanta laifi.

A ƙasashenmu tarin fuka ne kan gaba wajen jawo wannan ciwo, ko da mutum ba ya tari. Maganin tarin fuka na wata 6 kyauta ne a asibitocin gwamnati, kada a yanke. Ƙwayoyin fitsari kuwa rage kumburi kawai suke yi. Idan jakar ta riga ta sandare, sai tiyata a ɓare ta.

Mun san halin hanyarku, amma jinkiri na ƙara haɗarin tiyatar. Ku karɓi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Shika, Zariya, a yi masa hoton zuciya.